Jan tsiro a jikin jariri: a dakata da aska

Ranar Talatar da ta wuce wata uwa daga Uke ta shigo kantinmu na magani da 'yarta mai wata uku. Jan tsiro ne a saman girar yarinyar, kullum ƙaruwa yake, kakarta kuma har ta yi wa wanzami magana. Na ce mata, "Maman Bebi, don Allah a dakata."

Likitoci na kiran irin wannan tsiro hemanjiyoma. Tarin ƙananan jijiyoyin jini ne, shi ya sa tsaga shi ke jawo zubar jini da gyambo. Yakan yi saurin girma a watannin farko, sannan ya fara janyewa da kansa bayan shekara guda. Yawancinsu sa ido kawai suke bukata.

Amma wanda ya fito kusa da ido, hanci ko leɓe, ko ya fashe, ba a jira da shi. A 2008 likitocin birnin Bodo na Faransa suka lura cewa propranolol, tsohon maganin hawan jini, yana motsar da shi ba tare da tiyata ba. Ƙanana marasa zurfi kuma akan ɗiga musu timolol.

Sai dai ni ba na sayar da propranolol don jariri in babu takardar likita, ko da za a ji haushina. Yana rage bugun zuciya, yana kuma iya sauke sukarin jini idan yaro bai sha nono sosai ba. Da nauyin yaro ake auna shi.

Na tura ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, wajen likitan yara, na ce ta tafi da kakar.