Raina Kama Ka Ga Gayya: Darasin Tururuwar Phase IV



Da an ce mu rubuta ƙagaggen labarin kimiyya, sai mu ce ai ba mu da kumbo, ba mu da ɗakin bincike. Wani tsohon fim mai suna Phase IV, wanda Saul Bass ya ba da umarni a 1974, ya isa ya raba mu da wannan uzuri.

Masana biyu ne suka kafa sansani a hamadar Arizona ta Amurka, don gano abin da ya sa tururuwa iri-iri suka daina faɗa da juna, suka koma gina dogayen hasumiyoyi. Bass bai kumbura su suka zama dodanni ba, kamar yadda aka yi a fim ɗin Them! na 1954. Ya bar su da girmansu, hankali kawai ya ƙara musu. Da aka fesa musu guba, sai suka riƙa jan gutsurenta, wannan ta mutu waccan ta ɗauka, har ya isa ga sarauniyarsu, ta haifo waɗanda gubar ba ta kashewa. Akwai inda suka jera gawarwakin 'yan uwansu sahu-sahu. Babu mai cewa uffan, amma tsigar jikin mai kallo sai ta tashi.

Gaskiya fim ɗin yana da jan ƙafa, kuma bai yi kasuwa ba. Amma ya nuna mana cewa tsoro ya fi kama mutum idan ya fito daga abin da yake takawa kullum.

To mu a Bagudo, wa ya fi mu kayan aiki? Manomin Illo ya san yadda gara ke cinye gindin rumbu ba a ji motsinta ba. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, buhun shinkafa ya tsaya, amma tsakanin Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin tururuwa ba ta fasa tsallakawa da ƙwayarta ba. Mu ɗauka surin nan da na can sun haɗa baki a kan hatsinmu. Wa zai fara ganewa, jami'in kwastan ko tsohuwa mai sussuka? Wa zai yarda da ita?

Umaru Dembo ya ɗaga kai sama a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Mu kuma mu sunkuya. Kafin mu ɗauki alƙalami a makon nan, mu zauna rabin awa a bakin suri.

Allah ya ƙara mana basira.