Maganin ciwon sukari na kawo kansa? Mu tsaya mu gane

Magana tana yawo cewa maganin ciwon sukari na haddasa kansar pankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi, mai samar da insulin. Tsoro kan sa mutum ya ajiye maganinsa, shi ya sa muka ɗauko zancen.

Ga asalinsa. A 2013 wasu masu bincike sun yi zargin wasu sababbin magunguna, irin su sitagliptin da exenatide. Hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka bi diddigi, a 2014 suka ce bayanan da ke hannu ba su nuna magungunan ne ke kawo cutar ba. Metformin kuwa, wanda aka fi rubuta mana, ba ya ma cikin waɗanda aka zarga.

Abin da aka tabbatar shi ne, ciwon sukarin kansa yana ƙara haɗarin wannan kansa, haka taba da ƙiba. Barin magani kuma shi ke kai mutum ga makanta, ciwon ƙoda da gyambon ƙafa.

To, me za mu lura da shi? Ido ya yi rawaya, rama ba dalili, ciwon saman ciki mai ratsawa har baya, ko sukari ya bayyana kwatsam bayan shekara 50. In mun ga haka, sai asibiti, ba jira.

Kar mu daina magani sai likita ya ce. Mu isar wa iyayenmu da mazajenmu. Allah ya ba mu lafiya.