Rancen Noma Amana Ce, Ba Ganima Ba

 

Ya 'yan uwa Musulmi, duk wanda ya san fadamar da ta miƙe daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ya san Allah Ya yi wa wannan yanki ni'ima. Gwamnatoci kuma ba su fasa zuwa da shirye-shirye ba. An ga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da na bunƙasa noma na Shagari a 1980, da hukumar DFRRI ta Babangida a 1986. Kowanne ya zo da ganga, ya tafi shiru.

A watan Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A lokacin Babban Bankin Nijeriya ne ke fitar da kuɗi, a ba manomi iri da taki da magani, idan ya girbe ya kai shinkafa masana'anta a cire bashin. Adalci shi ne mu faɗi cewa an ga alheri: noman rani ya bunƙasa, shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas ta fito a 2016, aka kuma buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017. To amma ƙarshen al'amari, an raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa, kaso mai yawa bai dawo ba, daga 2023 kuma sabon shugabancin bankin ya janye hannu daga irin wannan rance.

Mene ne ya jawo haka? Muna ganin cututtuka biyu ne.

Ta farko, riba. An ɗora wa rancen ruwa na kashi 9 cikin ɗari, alhali haramcin riba a bayyane yake a Suratul Baƙara. Sai mai tsoron Allah ya ja da baya, wanda bai damu ba ya shige gaba. Ba a fito da tsari marar ruwa ba sai a 2020.

Ta biyu, cin amana. Wasu sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, suka sayar da takin a kasuwa, ko suka karkatar da shinkafar ga 'yan kasuwa. Wannan kuskure ne babba. Dukiyar baitulmali ta al'umma ce, da maraya da gwauruwa duk suna da haƙƙi a cikinta, kuma ya tabbata a hadisi cewa ko shahada ba ta kankare bashi.

Shari'a ba ta bar manomi babu mafita ba. Akwai cinikin salam, wanda Manzon Allah (SAW) ya tarar mutanen Madina suna yi, ya tabbatar da shi bisa sharaɗin a san awo, a san lokaci. Mai masana'anta ya biya kuɗin shinkafa tun kafin shuka, manomi ya kawo buhunan da aka ambata a ranar da aka yanka, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni. Wanda kuwa bala'i ya auka wa, irin ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi. Ba daidai ba ne a haɗa shi da mai taurin bashi.

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta gina duk wani sabon shiri a kan wannan tsari, ta kuma tantance manoma a bakin gonakinsu, ba a ofishin jam'iyya ba. Malamai da masu wa'azi su bayyana hukuncin bashi a kan mumbari. Kai kuma ɗan uwa, in akwai sauran wannan rance a wuyanka kuma kana da hali, ka biya tun kafin ranar da ba a biya da naira sai da lada.

Allah Ya tsare mu da cin haram, Ya sa albarka a gonakinmu.