Filin Koyon Turanci: Kalmar "Conserve"

Kalmar wannan mako ita ce "conserve", wadda 'yan makaranta da ma'aikatan gona da na gandun daji suke yawan cin karo da ita a takardu. Aikatau ce, asalinta kuwa daga kalmar Latin ne, "conservare", watau tsarewa ko kiyayewa. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci tun ƙarni na 14.

Ma'anarta ita ce yin tattalin abu, a ci moriyarsa da lura don kada ya ƙare. Akan ambaci abin da ake tattalawa a bayanta. Alal misali, "The farmers conserve water", watau manoma suna tsimin ruwa. Haka ake haɗa ta da man fetur, da wutar lantarki, da itatuwan daji, har da ƙarfin jiki. Idan aikin ya riga ya wuce sai a ce "conserved". Sunan aikin kuwa "conservation". Ana ƙarfafa murya a gaɓa ta biyu.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen rikita ta da 'yar uwarta "preserve", wadda ke nufin adana abu yadda yake. Uwargidan da ke auna hatsi da mudu don rumbu ya kai kaka, "conserve" ta yi. Wadda ta shanya kuɓewa don kada ta ruɓe kuwa, "preserve" ta yi.

Wannan bambanci ya taɓa jawo babbar muhawara a Amurka. Gifford Pinchot, wanda ya zama shugaban farko na hukumar gandun dajin ƙasar a 1905, yana ganin a mori daji bisa tsari. John Muir kuwa ya dage a kan a bar wasu wurare yadda aka same su. Sun sha bamban a kan kwarin Hetch Hetchy da ke Kalifoniya, har a 1913 majalisar dokoki ta yarda a gina madatsa a wurin don birnin San Francisco ya sami ruwan sha. Ra'ayin Pinchot ke nan ya rinjaya.

To, idan mai karatu ya ga sanarwar hukuma tana cewa "conserve", ya sani ba hana shi amfani aka yi ba. Abin da ake nema shi ne ya ɗiba gwargwadon bukata, ya rage wa na baya. Sai kuma mako mai zuwa.