Ogogoro Ba Maganin Ciwon Muƙamuƙi Ba Ne



Watan jiya wani matashi ɗan acaɓa ya zo shagona riƙe da kunci. Ya ce muƙamuƙinsa ya fi shekara yana ciwo, da safe da ƙyar yake buɗe baki. Na ce me kake sha? Ya ce jiƙo. Da ya buɗe kwalbar, wallahi warin ogogoro ne ya buge ni. An jefa saiwa biyu a ciki, an raɗa masa suna magani.

Ku masu sayar da wannan abu a bakin titin Kachia, ku ji tsoron Allah. Kun ce ai yana kashe ciwo. Eh, yana kashewa na ɗan lokaci, amma me ya bari a baya? Barasa tana ƙara wa mutum cizon haƙora cikin barci, ya kwana yana niƙa su bai sani ba, ya tashi muƙamuƙi a ɗaure. Tana busar da baki, in yawu ya yi ƙaranci haƙori da dasashi su lalace. Idan ta haɗu da taba sigari, tana cikin manyan dalilan ciwon dajin baki. Wanda kuma ya kora Paracetamol da ita, hantarsa yake ci.

Tun a 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe. Mu kuwa namu hanin ya riga nata. A Sahihu Muslim, Ɗariƙ bin Suwaid ya tambayi Annabi (SAW) kan yin magani da giya, aka sanar da shi cewa cuta ce, ba waraka ba.

Mu dattawa ma da laifinmu. Muna gani muna kau da kai, wai kada a tona asirin ɗan wane. Shirun nan ba rufin asiri ba ne, sakaci ne.

Ɗana, in ciwon ya ƙi tafiya, ko gyambon baki ya wuce mako biyu bai warke ba, shiga mota ka je asibitin Barau Dikko ka ga likitan haƙori. Ka gaya masa gaskiyar abin da kake sha; shi ba alƙali ba ne. Kuɗin mota in ya gagara, ka same ni bayan la'asar.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya.