Ɗanyar Madara Ga Kare Da Kyanwa: Darasi Daga Gonakin Amurka

Ɗan'uwa makiyayi, idan saniya ta kamu da ciwo madararta ta canza kama, ina kake zuba ta? Da yawa daga cikinmu kare ko kyanwa muke zuba wa, don kada a yi asara. To, abin da ya faru a Amurka ya isa ya sa mu sake tunani.

A watan Maris na 2024, Ma'aikatar Noma ta Amurka ta tabbatar da cewa murar tsuntsaye, nau'in H5N1, ta shiga shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas. Madarar shanun da suka kamu ta yi kauri, ta koma rawaya kamar dakashi. A wata gona a Texas, kyanwoyi kusan 24 ne ake ba wannan madarar ɗanye. Cikin 'yan kwanaki fiye da rabinsu suka mutu, bayan sun makance suna ta kewaye wuri guda. A ƙarshen shekarar kuma, wasu kyanwoyin gida a yankin Los Angeles sun mutu bayan shan ɗanyar madarar da aka sayo a kanti.

Abin lura shi ne, a can ana yayin ba karnuka da kyanwoyi ɗanyar madara da kefir, wai don gyaran ciki. Kefir madara ce mai tsami, asalinta daga yankin Kokeshas, ɗan'uwan nononmu ne. Gaskiya ne tsami na rage sukarin madara, wanda babban kare da babbar kyanwa ba sa iya narkarwa sosai, shi ya sa suke zawo idan sun sha da yawa. Amma fa tsami ba tafasa ba ne. Idan madarar na ɗauke da cuta tun daga hantsa, barin ta kwana a ƙwarya ba ya ba ka tabbacin ta mutu.

Kada ka ce Amurka da nisa. Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin a jihar Kaduna aka fara tabbatar da H5N1 a kajin Afirka, a Fabrairun 2006. Ga kuma bakkale mai sa shanu ɓari, da tarin fukar shanu. Duka biyun suna bi ta ɗanyar madara, kuma suna kama mutum.

To me za ka yi?

Na farko, madarar saniya mara lafiya, ko wadda ake yi wa allura, a haƙa rami a binne ta. Na biyu, duk madarar da za ka ba dabba, a tafasa ta tukuna, sannan a bar ta ta yi tsami idan ana so, kuma a ba da kaɗan. Na uku, kada ka bar kare ya ci mahaifa ko ɗan maraƙin ɓari, ko kyanwa ta ci mushen kaza.

Ku kuma ƙungiyoyin tara madara, ku mai da wannan doka a tsakaninku. Idan kyanwoyi suka fara mutuwa a garke ko gidan kaji, a dakatar da kai madara, kada yara su taɓa gawar, a kira likitan dabbobi nan take. Madarar da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka zuba wa karenka.