Mari ba magani ba ne: magana ga iyayen masu shan tramol

 Yau da iyaye muke magana, kuma ba za mu yi kwana-kwana ba.

Babu unguwar da ba ta san tramol ba. Ɗan kabu-kabu na sha don ya wuni kan babur, ɗan ƙwadago na sha da damina don ya ƙare aikin kwana biyu a rana ɗaya, yaron fada na jefa shi cikin shayi. Ran kasuwa a kan tire ake sayar da shi, kowa na gani. Tambayarmu ita ce: idan yaro ya kamu, me gidansu ke yi? Abu uku muke gani, kuma duk ukun ƙara ɓarna suke.

Na farko, ɓoyewa. Yaro ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, sai a ce iska ce, ko sammu aka yi masa. Haba jama'a! Tramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babba mai ciwo mai tsanani ba a so ya wuce 400 a rana. Wanda ke yawo a kasuwa kuwa akwai mai 200, mai 225, har mai 250 a ƙwaya ɗaya. Wanda ya haɗiyi biyu manya ya riga ya tsallake iyaka, kuma faɗuwa irin ta farfaɗiya sananniyar illarsa ce. Uban da ya kai ɗansa likita ya ƙi faɗin abin da yake sha don kada a ji, ya fifita sunan gida a kan ran ɗansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu, mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata mai biye aka sake gano irinsa a Daura, nan kusa da mu. Wa ya kai yawancinsu? Iyayensu ne, da kuɗinsu, da niyyar gyara. Niyya mai kyau ce, amma hanyar ba ta ɓullewa. Jikin da ya saba da tramol, in aka yanke masa lokaci ɗaya, sai gumi, ciwon gaɓɓai, zawo, rashin barci da firgita su taso masa na kwanaki. Wannan ciwo ne, ba iskanci ba. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, ba ta cire son ƙwaya daga zuciya. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: wanda ya yi watanni a ɗaure, jikinsa ya daina jure yawan da ya saba sha. Ranar da aka sako shi da fushi a ransa, ya koma ya sha kamar da, tana iya zama ranar ajalinsa.

Na uku, kora ko aure. "A yi masa aure zai natsu." To, ita yarinyar da za a ba shi likita ce? 'Yar mutane ce za ta sha duka da yunwa, bayan shekara ta dawo gida da goyo. Wanda aka kora kuwa ba ya ɓacewa, tasha yake komawa, daga can sai sata, sai gidan kaso.

Mun san abin da wasu za su ce: "Addu'a fa?" Babu mai hana addu'a, malamanmu ma su ne kan gaba wajen cewa a nemi magani. Wasu su ce babu kuɗi, Damagaram da nisa. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Amma a lissafa jikkunan da suka tafi wurin boka, da biyan akuyar maƙwabci da yaro ya sace, da zaryar zuwa wurin jandarma. Wasu kuma su ce aikin hukuma ne ta kama dillalai. Ta kama su, muna goyon baya. Sai dai Najeriya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, shaye-shaye bai ƙare ba. Jandarma na iya kama mai sayarwa, amma ba zai kwana kusa da ɗanka yana shafa masa ruwa ba.

Wannan aikin naku ne. Baba, ka kira shi ɗaki ku biyu, ba a ƙofar gida gaban jama'a ba. In ba ya jin maganarka, a nemo kawu ko baffan da yake jin nauyinsa. A raka shi likita mafi kusa, a faɗi gaskiyar abin da yake sha da yawansa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Magariya ko babban asibitin Damagaram. Sau da yawa a hankali ake rage ƙwayar, da sanin likita. Satin farko kada a bar shi shi kaɗai. Inna, ki ba shi tuwo, ki ba shi fura, amma kuɗin da kike ɗaure masa a ɓoye don tausayi, wurin mai tire suke zuwa. In ya samu sauƙi a ba shi abin yi, gona ko tumakin kiwo. In ya zame ya sake sha, a koma likita. Mutane da yawa sai sun faɗi sun tashi kafin su rabu da ita. Haka ma 'ya'ya mata da matan aure da suka kamu, su ne aka fi ɓoyewa.

Mai gona kuma da ke saya wa 'yan ƙwadago ƙwaya don su yi masa noma da sauri, ya ji tsoron Allah. Ɗan wani yake kashewa, kuma nasa na kallo.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba iyaye haƙurin jinya. Amin.